Ruwan Rijiyarmu a Ƙasar Jamus

Tun da na dawo daga ƙasar Jamus ban huta da tambaya ba. A bakin coci, a kasuwar Kafanchan, har a gona mutum zai jingine fartanya ya ce, to Baba Iliya, yaya can ɗin yake? Na lura kuma duk sa'ad da na ba da labarin da baki sai in ƙara wa kaina gishiri, in rage wurin da na ji kunya. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Ni ba mai ilimi ba ne. Firamare na gama a makarantar mishan, noman citta kuma shi ne aikina a ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

'Yata ta fari, Rahila, tana karatun zama dokta a wata jami'a a can, ba doktan asibiti ba, na binciken ruwa da magunguna. A shekarar 1998 ta aiko da tikiti don ɗaya daga cikin iyayenta ya je ya gan ta. Uwarta Saratu ta ce ita ba ta shiga abin da in ta gaji ba za ta iya cewa direba ya tsaya ba. Sai tafiya ta faɗo kaina.

A lokacin akwai magana mai zafi a unguwarmu. Yara sun yi ta ciwon ciki, awaki biyu sun mutu bayan sun sha a kwatarniyar bakin rijiya, wasu mata kuma suka ce ruwan yana wari. Kusa da rijiyar akwai shagon Malam Tanimu, Musulmi ɗan kasuwa wanda kakansa ya zo garin tun kafin a haife ni. Yana sayar da gishiri da taki da maganin ciyawa da muke fesawa a gonakin citta. Ni ne mutum na farko da ya ce durom ɗin maganinsa ne ke yoyo zuwa rijiya. Ban ga yoyon da idona ba. Na faɗa ne a taro, na ga kowa ya juyo yana kallona, abin ya yi mini daɗi, sai na ƙara faɗa da ƙarfi. Kafin mako ya zagayo samari suna cewa ya kwashe kayansa ya bar garin. Mai unguwa ne ya hana. Ya ce tun da 'yar Iliya ta san aikin ruwa, Iliya kuma zai tafi wurinta, a ba shi ruwan ya kai, kowa ya dakata. In aka samu magani a ciki, Tanimu zai tashi.

Na je gidan waya a Kafanchan na bi layi na buga wa Rahila waya na gaya mata. Ta ce in kawo, amma a cikin kwalbar gilashi sabuwa wadda ba a taɓa sa komai a ciki ba. Ta maimaita har sau biyu, na ce na ji.

Ranar tafiya kwalbar da na samu murfinta yana ɗiga. Saratu ta ce ko Kaciya ba zan kai ba za ta jiƙa mini fasfo. Sai na ɗauko ƙaramin galan na maganin ciyawa wanda ya ƙare tun bara, wanda nake zuwa gona da kunu a cikinsa. Kowa ya san galan ɗin nan, ba gidan da babu. Robarsa kauri, murfinsa ba ya yoyo ko ka jefo shi daga kan dutse. Na wanke shi da toka da sabulu, na kankare takardar jikinsa, na cika shi a rijiya a gaban dattawa. Ba wanda ya ce uffan, domin ba wanda ya ga abin magana.

Fasto ya ara mini kwat ɗinsa mai kauri, aka yi mini addu'a, na hau bas. Muna gab da Mararaban Rido taya ta fashe. Muka zauna a bakin hanya muna cin gasasshiyar doya, ni kuwa duk wanda ya zauna kusa da ni sai na san yadda na yi na sako maganar jirgin sama. Wata mata mai sayar da doyar ta dube ni da kwat a cikin wannan rana ta ce, "Baba, in can ma haka za ka yi gumi, gara ka ba ni kwat ɗin in rufe doya." Kowa ya yi dariya, har ni, amma a raina na ji haushi.

A Kano na sauka a Sabon Gari wurin wani ɗan garinmu, Luka makanike. Da safe ina shirya jaka na dubi galan ɗin nan, duk ya yi ƙuraje, sai na ji kunyar in miƙa wa Turawa irin wannan abu su ce haka muke. Na tuna kuma da maganar Rahila. Na shiga kasuwa na sayi kwalbar gilashi sabuwa fil mai murfin kirki, na juye ruwan a ciki. Galan kuwa ban iya yarwa ba, hannuna ya ƙi. Na cika shi da man gyaɗa mai kyau, na naɗe da leda, na ɗaure da roba, na ce tsaraba ce ga Rahila.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Kano mai zuwa saro leshi. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta nuna mini yadda ake buɗe abincin, wanda duk ɗinsa bai kai abin da nake ba jikana ba. Da jirgi ya tashi na kama hannun kujera ina karanta Zabura a zuci, ita tana jan carbi. Ta ce in yi nawa ta yi nata, ko wanne aka amsa dai tare za mu sauka.

A bakin iyaka aka kawo wani kare ya shinshina jakata ya zauna. Ma'aikacin ya buɗe, ya ci karo da busasshen naman daji da Saratu ta cusa ba da sanina ba, ya ɗauke shi da yatsa biyu ya jefa a wani kwando. Daddawa ya buɗe ya rufe da sauri. Da ya zo kan kwalba ya tambaye ni da Turanci ko mene ne. Na ce ruwan garinmu ne, na kawo wa 'yata. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya mayar a hankali kamar ƙwai. Ina tsammani ya ɗauka ruwan addu'a ne.

Rahila ta rungume ni a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba a gida. Ta rame kaɗan amma idonta na nan. Tana haya ne a saman benen wata tsohuwa gwauruwa. Ɗakin ƙarami, amma akwai wani ƙarfe a jikin bango da ke fid da zafi, nan na mai da wurin zamana kamar bakin murhu. Na zazzage tsaraba: acca, citta, daddawa, da ƙunshin man gyaɗa. Ta ce akwai sauran mai a ɗaki, ta sa ƙunshin a kabad ba ta ko kwance ba.

Mutanen can suna da kirki irin nasu, amma gaisuwa ba ta dame su ba. Safiyar farko na tsaya a ƙofa na gai da duk mai wucewa, na tambayi wani mutum iyalinsa, ya tsaya yana laluben aljihu yana tsammani wani abu nake nema. Karnukansu suna sa riga. Shara ma sai an raba ta gida-gida, takarda dabam, kwalba dabam, tsohuwar nan kuwa ta kama ni na haɗa, ta sa na tsince da hannuna tana tsaye. Abincin darensu burodi ne mai sanyi da cuku. Na ci don kada a ce, amma cikina bai taɓa yarda an yi dare ba. Da Rahila ta dafa acca da miyar citta muka kira tsohuwar. Ta ci tana hawaye saboda yaji, ta kuma miƙo kwano a ƙara. Daga ranar muka zama abokai, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, sai mu zauna muna nuna wa juna hotunan jikoki. Cocinsu ya fi namu girma nesa ba kusa ba, amma tsofaffi ne kaɗan a ciki, ba ganga ba rawa, kafin in gama gyara zama an ce amin.

Sai ranar da ta kai ni wurin aikinta. Aka ba ni farar riga da tabarau. Ɗaki ne fari tas, ba ƙura ko ta magani, kowa yana ɗiga ruwa da wani abu kamar alƙalami.

Ta yi mini bayani da Hausa, ga yadda na gane shi. A cikin jikin kowane mai rai akwai wani zare siriri da ido ba ya gani, wanda ke ɗauke da gado, shi ke sa ɗa ya yi kama da ubansa. Su sun iya ƙera guntayen wannan zare a ɗakin gwaji, iri-iri, da yawan da ba ya ƙirguwa. Kowane guntu yana naɗe kansa ta wata siffa dabam. Sai su zuba musu maganin da suke nema, su ga waɗanne ne suka kama shi suka riƙe. Waɗanda ba su kama ba a wanke su a zubar, waɗanda suka kama a yawaita su, a sake gwadawa, a sake zaɓe. Na ce ai wannan zaɓen iri ne. Haka nake yi da citta, wadda ta yi ƙiba in ajiye in sake shukawa, har gonar ta zama iri guda mai kyau. Ta yi dariya ta ce haka ne, Baba, sai dai nasu irin ba ya jiran damina. Guntun da ya rage a ƙarshe suna kiransa aftama. An manna shi a kan ɗan gilashi, in aka ɗiga ruwa mai wannan magani sai ya cafke shi, haske ya canja, na'ura ta ja layi sama a fuskar talabijin. Burinsu wata rana abin ya zama ƙarami, mutum ya je da shi bakin rijiya ya gwada da kansa. Ta ce amma tukuna yana koyon tafiya ne, wani lokaci yana kama abin da ba shi ba, don haka duk abin da ya nuna sai sun tabbatar da wata babbar na'ura. Nata aftaman kuwa na maganin ciyawa ne, irin wanda muke fesawa. Ta ce saboda mu ta zaɓe shi.

Ta ɗiga ruwansu mai tsabta, layi ya kwanta shiru. Ta ɗiga na rijiyarmu, layi ya miƙe tsaye kamar maciji ya ji motsi. Abokan aikinta suka taru. Babbar na'urar ma daga baya ta ce haka ne.

Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Ban tuna da yaran da ke shan ruwan ba, abin da na tuna shi ne yadda zan tsaya gaban mai unguwa in ce ai na faɗa. Rahila ba ta yi murna ba. Ta ce yawan ya ba ta tsoro, ruwa irin wannan da ba awaki kaɗai zai kashe ba. Ta juyo ta dube ni.

"Baba, a cikin wannan kwalbar ka ɗebo shi tun daga rijiya?"

"Ba ke kika ce gilashi ba? Ga gilashi."

Ban ce i ba, ban ce a'a ba, na kuma san ƙarya na yi. A lokacin ban gane galan ɗin zai iya ɓata gwaji ba, tun da na wanke. Amma na san na saɓa maganarta, ban kuma so 'yata ta yi mini faɗa gaban Turawa ba.

Bayan 'yan kwanaki na sake bin ta wurin aikin, don zaman ɗaki ya ishe ni. A lungu na ga wani babban kwando mai murfi, an zana ƙoƙon kan mutum a jiki. A ciki ga robobi masu kyau, masu kauri, da murfinsu, an zubar. Na ce wannan ai asara ce, bari in ɗaukar wa Saratu guda ta sa gishiri. Ina miƙa hannu wata abokiyar aikin Rahila ta riƙe ni da ƙarfi, fuskarta ta yi ja. Rahila ta zo ta ja ni gefe. Ta ce duk robar da magani ya kwana a ciki ta sha shi ke nan, ya shiga naman robar. Ko ka wanke da me, in ka zuba ruwa ko mai sai ta riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan kamar gumi. Mai ma ya fi ja. Shi ya sa ba sa wankewa, akwai masu zuwa su kwashe su ƙone a wuri na musamman.

Muka koma a jirgin ƙasa. Muna shiga ɗaki ta ce yau za ta soya mini ƙosai da man gida, ta nufi kabad.

Na ce, "Rahila, kar ki taɓa man nan."

Na so in ce tsoron Allah ne ya buɗe mini baki, amma ba haka ba ne. Da ba don man ba, ban san ko da na yi shiru har in dawo gida a kori Tanimu ba. Wannan tambayar har yau ina kai ta gaban Ubangiji.

Ta kwance ledar, ta ga galan, ta gane shi nan take, ai a cikin irinsa ta sha ruwa tana yarinya. Na gaya mata komai, daga toka da sabulu har kasuwar Kano. Na zaci za ta yi faɗa. Zama ta yi a ƙasa ta riƙe galan ɗin da hannu biyu. Da ta ɗago sai ta tambaye ni da me ake ɗiban ruwa a rijiya yanzu. Na ce da guga mana. Ta ce gugan me? Sai a nan na tuna: babban galan ne na magani aka yanke bakinsa aka ɗaura igiya. Kwatarniyar awakin ma rabin durom ɗin magani ne. Ni da kaina na yanka shi.

Washegari ta kai galan ɗin wurin aiki. Aka juye man a inda suke zubar da guba, ta wanke shi fiye da yadda ni na wanke, ta zuba ruwansu mai tsabta ta bar shi ya kwana. Da ta ɗiga, layi ya sake miƙewa. Ta ce to, Baba, abin da muka gwada galan ɗinka ne, ba rijiya ba. Game da rijiya ba ta san komai ba tukuna, ba kuma za ta ɗora wa kowa laifi a kan abin da ba ta sani ba. Ta ce in Allah ya kai mu Kirsimeti za ta zo ta ɗebi ruwan da hannunta, ta duba bayan shagon ma. Amma kafin nan in raba mutane da galan ɗin nan, ko za su zage ni.

Sauran kwanakina a can sun yi daɗi, fiye ma da na farko, domin na sauke kaya. Ta kai ni na ga gonakinsu, mutum ɗaya da inji yana nome abin da ƙauyenmu duka ba za su iya ba, amma na tausaya masa, ba wanda zai miƙo masa ruwa. Tsohuwar ta ba ni safa mai kauri da ta saƙa, wadda ban san ranar sawa ba a Kagoma.

Da na sauka a gida ban ko cire takalmi ba aka ce mai unguwa na jira. Mutane sun cika ƙofarsa. Na tsaya na faɗi abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Na ce gwajin bai kama Malam Tanimu da komai ba, ni ya kama, da gugan da muke ɗiba da shi, da abin da ke rataye a ɗakin girkin kowa. Na ce maganar yoyon durom ni na fara ta, kuma ban gani ba. Wani saurayi ya ce ko Tanimu ya saye ni ne. Mai unguwa ya tambaye shi a cikin me uwarsa ke ajiye man ja.

Ba a ji daɗina ba, musamman mata. Saratu ta yi kwanaki ba ta kulawa da ni, don galan bakwai na fitar daga ɗakinta. Zumuntar mata ta coci ce ta karɓi aikin daga baya, su suka bi gida-gida. Aka huda kowane galan don kada wani ya koma ya ɗauka, aka sayo bokitin ƙarfe aka ɗaura a rijiya. Ciwon cikin yara ya ragu, amma ba zan ce ga dalili ba, na koyi kada in faɗi abin da ban sani ba. Muna jiran Rahila.

Da yamma ranar taron na tafi shagon Malam Tanimu, domin bai zo ba. Na tarar ya riga ya ɗaure kayansa, buhuna a waje, an jera su ana jiran mota. Ashe tun da aka ji na sauka ya fidda rai. Na durƙusa, ni da furfurata, na ce ya yafe mini.

Ya ce shi ma yana da nasa laifin, don shi ke ba mu galan ɗin kyauta in mun yi ciniki, yana ganin alheri yake yi. Ya ce matarsa ta yi makonni ba ta ɗebi ruwa a rijiyar da kakansa ya taimaka aka haƙa ba, sai ta tafi rafi, don kada a ce ta zuba wani abu. Wannan ban sani ba sai ranar.

"Na yafe, Baban Rahila," in ji shi. "Amma kayan nan ba su fito da ƙafarsu ba, ba kuma za su koma da ƙafarsu ba."

Na tashi na cire kwat ɗin Fasto na rataye a ƙofa. Na sunkuya zan ɗauki wani ƙaramin kwali na ashana, sai ya taɓa kafaɗata ya nuna mini buhun gishiri.

"A'a. Fara da wancan."

Na ɗauka a ka na shiga da shi, na dawo na ɗauki na biyu.